Idon Mai Buzuzu

Duk wanda ya tambaye ni aikin mijina, nakan ce ma'aikaci ne a gidan binciken gona, in ja bakina in tsuke. To amma unguwa ba ta barin mutum ya rufa wa kansa asiri. Tun muna ango da amarya suka laƙaba masa Mai Buzuzu, ni kuma na zama matar Mai Buzuzu, alhali ina da kekena na ɗinki, rabin matan layinmu ma ni ke yi musu sutura. Da farko har faɗa nake yi. Wata ta taɓa tambayata wai yana dai wanke hannu kafin ya ci abinci ko? Na naɗe mata yadinta ban ɗinka ba, na ce ta kai wa matar mai aikin banki. Yau ga shi da bakina nake kiransa da sunan, don ban san wani suna da ya fi dacewa da shi ba.

Bari in gyara muku tun yanzu, ba buzuzun kashi ba ne. Wani ɗan ƙwaro ne da bai kai ƙwayar wake girma ba, ganyen wake yake ci a gona, bayansa na sheƙi kamar an shafa masa mai. Matan iri biyu ne, akwai kore, akwai shuɗi. Kada ku ɗauka bambancin a fili yake. Koren yana da duhu, shuɗin kuma yana da ɗan ratsin kore, wanda bai saba ba sai ya karkata ƙwaron a haske sau biyu sau uku kafin ya yanke hukunci. Malam kuwa daga bakin ƙofa yake faɗa maka.

Idon nan ne ya haɗa mu. Ina koyon ɗinki a shagon wata innata, ya shigo da aljihun rigarsa a yage. Na zazzage gwangwanin zare a kan tebur ina ta laluben wanda zai shiga da yadin, na ɗauki wannan na ajiye, na ɗauki wancan na ajiye. Sai kawai ya miƙo hannu ya zaro ɗaya daga can ƙasa.

"Wannan ne," in ji shi. "Ya yi?"

Na ɗora a kan yadin, zare ya ɓace kamar da shi aka saƙa rigar. Haushi ya kama ni, wai ni tela a koya mini sana'ata. Amma na ce, "Ya yi."

Daga ranar ya zama al'adarmu. Bayan mun yi aure, kullum da safe kafin ya fita, in shimfiɗa yadin da zan ɗinka, in miƙa masa gwangwani, ya zaro zare ya ce "Ya yi?" in ce "Ya yi." Ba wai ban iya zaɓe ba ne, haba. Daɗi yake ji, ni ma ina ji. Shekara ashirin da tara muka yi a haka, bai taɓa kuskure ba ko sau ɗaya.

Da wankin kwalabe aka ɗauke shi aiki, don karatunsa bai yi nisa ba. Ɗakin ƙwarin wani dogon ɗaki ne a bayan ofisoshi, tagogi a gefe ɗaya, kantoci a ɗaya gefen cike da manyan kwalabe, kowace an rufe bakinta da raga an ɗaure da roba. A ƙasa ga gwangwanaye jere da ya shuka wake a ciki, don abincinsu. Warin ɗanyen ganye ne ke fara tarbar mutum, sai ƙarar fanka guda ɗaya da ba ta kai iska ko'ina. Masu manyan digiri sun zo sun tafi, wannan ya yi shekara uku, wancan ya yi biyar, shi yana nan. Shi ya san kwalbar da za ta yi ƙwai gobe, shi ya san wadda ciwo ya shiga. In an zo rubuta takardar bincike kuwa, sunayensu ake jerawa a sama. Ko "mun gode wa mai kula da ƙwari" ba kullum ake tunawa ba.

Wajen share kwalabe ya lura da wani abu. In namiji ya tarar da mata biyu a kan ganye, kore da shuɗi, wajen koren yake nufa. Ba kullum ba, amma cikin goma sai ka samu takwas. Ya faɗa wa shugabansa na lokacin, mutumin ya yi dariya ya ce ƙwaro da ƙamshi yake neman mace, ina ruwansa da launi, je ka wanke kwalabe. Malam bai yi musu ba, shi ba ya musu, abin da ke ba ni haushi da shi ke nan. Sai ya sayi littafin 'yan makaranta ya fara rubutawa da kansa: rana kaza, kwalba kaza, namiji ya bi kore. Littafi ya cika, ya sayi wani. Sai da suka kai goma sha ɗaya, ba wanda ya taɓa ko ɗaya in ban da ni, da nake ɗaga su in share ƙarƙashin gado.

Sai aka kawo Dokta. Ba ta allura ba, ta ƙwari. Yarinya ce sa'ar 'yarmu ta fari, siririya, ba ta da hayaniya, Baba take ce masa. Wata rana ta ga littafin a kan tebur ta tambaya, washegari ya kwashi sauran goman a buhu ya kai mata. Kwana uku tana karantawa. Ranar da ya dawo da labarin, ko takalmi bai cire ba ya tsaya a tsakar ɗaki.

"Tela," haka yake kirana, "ta ce gaskiya ne. Ta ce za mu gwada shi yadda ya kamata, damina biyar. In ya tabbata za a buga a takarda, da sunanta da nawa, a jere."

Na ce, "Sunanka na gaske, ko Mai Buzuzu?"

Ya yi dariya har da hawaye. Ni kuma na shiga kicin na yi nawa kukan, don na san shekara nawa ya yi yana jiran mutum ɗaya ya ce masa ka gani daidai.

Gwajin ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba, ni da ban yi boko mai zurfi ba na gane shi. Kowace safiya ya ware matan da suka ƙyanƙyashe, kore a kwalba ɗaya, shuɗi a ɗaya. Sai ya ɗauko farin faranti, ya sa mace ɗaya daga kowace kwalba, ya saki namiji a tsakiya, ya kifa gilashi, ya zauna da biro yana jiran ya ga wadda zai haye. Wani lokaci ya haɗa fenti, ya shafa wa shuɗiya kore a baya da tsinin gashin kaza, sai ka ga namiji ya bi ta a guje, an yaudare shi. Akwai kuma kwalba ta uku, wadda ba ya son aikinta. Mazan cikinta yakan ɗiga musu baƙin fenti a ido, ɗigo ɗaya nan, ɗigo ɗaya can. Waɗannan ba su da zaɓi. Duk abin da suka ci karo da shi hawa suke, shuɗi, kore, ɗan'uwansu namiji, har ƙwayar wake ya taɓa ganin ɗaya ya rungume. Yakan ce, "Tausayi suke ba ni, Tela. Da ƙarfinsu da komai, kuma ba su san sun ɓata ba." Bayan an gama, matan yakan soke su da allura ya jera a akwati mai murfin gilashi, layin kore daban, layin shuɗi daban, da rubutun hannunsa a kan kowane layi.

A wajen cin abinci ba mu da hira sai tasu. Nakan ce, "Maza dai, ko ƙwaro ne, ido ke jan su." Shi kuma ya ce ai shi ya sa, ranar da ya shigo shago koren mayafi na yafa. Ƙarya yake, ruwan toka ne, amma na bar masa.

Damina biyu suka yi tare, komai ya fito yadda littattafansa suka ce. Sai aka tura Dokta ƙarin karatu wata ƙasa, na shekara biyu. Da za ta tafi har gida ta zo yi mana sallama. A gabana ta ce, "Baba, ba na jin komai. Na fi yarda da idonka a kan nawa." Ta bar masa mabuɗin ɗaki da aikin gaba ɗaya.

Bai fi wata biyu da tafiyarta ba, wata safiya na shimfiɗa wani yadi shuɗi, na rigar wata malamar makaranta, na miƙa gwangwani. Ya zaro zare kore. Kore shar, wanda ko yaro ba zai ɗauka ba. Na ɗaga kai ina jiran ya yi dariya, na ɗauka tsokana ce. Fuskarsa a sake, yana murmushinsa na kullum.

"Ya yi?"

Wallahi har yau in na tuna, sai in ji kamar in ciji harshena ya guntule. Na ce, "Ya yi."

Da ya fita na canza zaren. Na ce wa kaina barci ne bai sake shi ba. Bayan kwana biyu na gwada shi da gangan da wani shuɗin, ya sake miƙo kore. Ja bai kuskure ba, baƙi bai kuskure ba, shuɗi ne kawai ya gudu daga idonsa. Da rana yana zaune a bakin ƙofa na kawo masa ruwa, na tsaya na leƙa ƙwayar idonsa da kyau. Akwai wani fari-fari a tsakiya, kamar an ɗiga madara a baƙin shayi.

Me ya hana ni magana? Na yi wa kaina wannan tambaya har na gaji. Na farko, yayansa an taɓa yi masa aikin ido shekarun baya bai dace ba, tun daga nan Malam ko an ambaci asibitin ido sai ya tashi ya bar wurin. Na biyu, na ji tsoron in labari ya kai ofis su ce tsoho ya makance, su karɓe mabuɗin su mayar da shi sito, saura damina uku kacal sunansa ya hau takarda. Na uku, kuma shi ne wautar da ta fi kowace, na ce zare daban ƙwaro daban. Mutumin da ya yi shekara talatin da su ai ko a duhu ya san su. Haka na yi ta lallashin kaina. Kullum ya miƙo zare, in ce ya yi, in canza bayan ya fita. Har na daina shimfiɗa masa shuɗin yadi, na riƙa ɓoye su sai ya tafi. Ina ganin kamar taimakonsa nake yi.

Da damina ta kankama ya fara ƙorafi. Wai ƙwan lantarkin ɗakin ya dusashe, ya sa aka canza, ya ce sabon ma haka. Wata rana ya ce, "Bana kore sun yi yawa, Tela, shuɗin sai na yi ta nema." Ina jera kwanuka, na ce Allah Sarki. Daga baya ya dawo da wadda ta fi damunsa. Mazan sun lalace, ba sa zaɓe. Ya sa musu kore da shuɗi, sai su bi wannan yau, gobe su bi waccan, rabi da rabi. Ya zargi zafi, ya zargi ganyen waken, ya canza iri, ya wanke farantai da ruwan zafi. Ya rame. Yana cin abinci yana lissafi da yatsu.

Ni na san abin da ke faruwa, don na gani da idona. Wata ranar na kai masa abincin rana da ya manta, na same shi a tebur yana ware su. Na tsaya a bayansa. Ya ɗauko wata da ɗan hantsakinsa, shuɗiya ce ƙarara, ya karkata ta a haske, ya jefa a kwalbar kore. Ya ɗauko wata, haka. Ashe shuɗi biyu yake sa wa namiji a faranti, ya rubuta cewa ɗaya kore ce. To namiji me zai zaɓa? Da ya juya wanke hannu, na yi wuf na buɗe ragar, na tsamo guda biyun nan da yatsana na mayar da su kwalbarsu. Na dawo gida ina jin kamar na yi wani abin kirki. Ƙwaro biyu, jama'a! A cikin dubbai.

Sau ɗaya na kusa faɗa. Ya zauna a bakin gado ya dafe kai ya ce, "Ko dai tun farko ni ne na ga ba daidai ba? Ko mutumin nan da ya yi mini dariya shi ke da gaskiya?" Na buɗe baki zan faɗa. Sai na tuna na riga na yi wata bakwai ina ce masa ya yi. In na faɗa yanzu, dole in faɗi wancan ma. Na ce, "Kai dai ka ci gaba da rubutawa, Dokta za ta gane." Kun ji matsoraciya.

Damina biyu aka yi a haka. Dokta ta dawo ana shirin shiga ta biyar.

Ranar wata Talata da hantsi, ina kan keke, sai ga Malam ya shigo, abin da bai taɓa yi ba a lokacin aiki. Gumi ya jiƙa masa riga.

"Tashi mu je. Yarinyar nan ta buɗe akwatuna tana cewa wai na haɗa su. Ni! Ke ce mai sanin launi, zo ki faɗa mata."

Na ce ina da ɗinkin da za a karɓa da azahar. Ya ce ɗinki ya jira. Ban taɓa jin muryarsa haka ba, na ɗauki mayafi na bi shi.

Dokta na tsaye a bakin taga, idonta ya yi ja, da gani ta yi kuka kafin mu zo. Ta gaishe ni har ƙasa. A kan tebur ga akwatuna huɗu a buɗe, na kowace damina. Na farko da na biyu, layin kore kore ne tas, layin shuɗi shuɗi ne, abin sha'awa. Malam ya ja ni gaban na huɗu, ya ɗora yatsa a farkon layin da ya rubuta wa "kore" da kyakkyawan rubutunsa.

"Wannan wane launi ne?"

Na dubi Dokta, ta sunkuyar da kai. Fankar nan na ta ƙara.

"Shuɗi ne, Malam."

Ya matsar da yatsa. "Wannan fa?"

"Shuɗi."

"Wannan?"

"Kore."

"Wannan?"

"Shuɗi."

Sai da muka kai ƙarshen layin, ashirin da huɗu, bai tsallake ko ɗaya ba. Goma sha biyar shuɗi ne. Ya ɗauko kwalbar fentin da ya haɗa da hannunsa, wanda yake shafa musu a matsayin kore, ya nuna mini. Na ce masa wannan ba kore ba ne, ba shuɗi ba ne, wani abu ne tsakani. Ya ajiye a hankali kamar ƙwai. Ya jawo kujera ya zauna. Ya dubi kantocin, ya nuna kwalba ta uku da haɓa, ta mazan da ya shafe wa ido.

"Ashe ni ma a ciki nake," ya ce.

Ya tambayi Dokta ko za a iya gyara rubutun, tunda ga ƙwarin nan a akwati. Ta ce a'a, Baba. A layi aka jera su, ba wanda zai iya sanin wacce ce ta shiga wane faranti, a wace rana. Damina biyun nan sun tafi. Biyun farko ba su isa a buga komai da su ba, wa'adin da aka ba aikin kuma bana zai ƙare, ba za a ƙara ba. Sannan ta faɗi maganar da ta kashe ni, kuma ba da nufi ta faɗa ba, ita ba ta san komai ba.

"Da an samu wanda ya lura ya rubuto mini tun farko, ai ba wani abu ba ne. Sai in sa wani ya riƙa ware maka su da safe, ya haɗa fenti, aikin minti goma. Sauran duk kai za ka ci gaba da yi, ba mai taɓa maka mabuɗi. Ko Mama ma za ta iya."

Ko Mama ma za ta iya. Ni ɗin nan, da na yi shekara biyu ina ɓoye shuɗin yadi a ƙarƙashin katifa.

A ƙafa muka dawo, ya ƙi shiga mota. Yana gaba ina baya. Mun wuce wurin masu gyaran taya, mun wuce famfo, sai ya tsaya bai juyo ba.

"Ba ki yi mamaki ba," ya ce. "Na ji muryarki. Ba ki yi mamaki ba ko kaɗan. Tun yaushe?"

Na faɗa masa. Zaren malamar makaranta, yadin da nake ɓoyewa, ƙwaro biyun da na tsamo. A bakin titi, babura na wucewa, ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Na so ya zage ni. Wallahi da ya ɗaga hannu ya mare ni a gaban mutane da na ji sanyi. Ya ce "To," ya ci gaba da tafiya.

'Yarmu ta fari ce ta zo ta tasa shi gaba zuwa asibiti, bai yi gardama ba, kamar ba shi ne mai gudun wurin ba. Likitan ya ce yanar ido ce, ita ke sa komai ya koma rawaya-rawaya, shuɗi ya rikiɗe ya zama kore a idon mutum, kuma ba ya sani don a hankali take zuwa. Ya ce da an zo da wuri ma da an huta. Aikin bai kai awa ɗaya ba kowane ido. Ranar da aka cire bandejin farko, Malam ya dubi labulen ɗakin asibitin, ya dubi sama ta taga, ya ce, "Haka shuɗi yake ashe." Ma'aikaciyar jinya ta yi ta murna tana taya mu barka. Ni kuwa na kau da kai.

Ido ya dawo tangaran, har ya fi na da. Sai dai ba abin da zai kalla da shi. Lokacin ritayarsa ya zo a ƙarshen shekarar, aka yi masa ɗan taro aka ba shi agogon bango. Dokta ta yi iya ƙoƙarinta a sake ba su wasu shekaru, ba a ba su ba, daga baya ita ma aka mayar da ita wani sashe. Ƙwarin aka zuba su a firiza. Ɗakin yanzu buhunan taki ne a ciki, an ce har tagogin an toshe. Littattafai goma sha ɗaya sun dawo ƙarƙashin gado a buhunsu, da ƙarin shida. Dokta ta ce masa abin da ya gani gaskiya ne, wata rana wani a wani wuri zai gwada ya buga. Ya ce Allah ya ba mai rabo sa'a. Wannan wanin ba zai taɓa jin labarin Malam ba.

Bai sake ni ba, bai ƙaurace mini ba, bai faɗa wa 'ya'yanmu abin da na yi ba. Yana cin abincina, yana ce mini sannu. In na yi ciwo shi ke sayo magani. Amma hira ta mutu a gidan nan. Ya kan zauna a bakin ƙofa tun safe, maƙwabta su wuce su ce Mai Buzuzu ina kwana, ya ɗaga musu hannu. Wata rana irin ƙwaron nan ya sauka a kan gwiwarsa, koriya ce mai kyau, tana sheƙi. Ina kallo ta taga. Ya kau da kai gefe har ta tashi.

Wata shida ban miƙa masa gwangwani ba, kunya ta hana ni. Sai wata safiya na ce yau dai ko me zai faru. Na ɗauko wani yadi mai wuyar sha'ani, shuɗi mai ratsin kore, na shimfiɗa a gabansa, na ajiye gwangwani a gefe. Ya dubi yadin, ya dubi gwangwanin. Na ɗauka zai tashi. Sai ya sa yatsu biyu ya zaro ɗaya daga can ƙasa, ya ɗora a kai. Zare ya ɓace a cikin yadi, kamar ranar farko a shagon innata.

Na jira ya tambaya. Bai tambaya ba.

Na ce, "Ya yi, Malam. Wallahi tallahi ya yi."

Ya dube ni da sababbin idanunsa, ba fushi a ciki, da ma fushin ne.

"Wancan ma haka kika ce," in ji shi.

Ya ɗauki kujerarsa ya fita bakin ƙofa. Da zaren na ɗinka rigar, mai ita ta yi ta yabawa. Tun daga ranar ni nake zaɓen zarena.